Yadda Muka Saka Injin Baba a Cikin Waya

Shekarun baya, lokacin da ban san bambancin noti da wosha ba, na tsinci kaina tsugune a tsakiyar garejin mahaifina a nan Zuru, hannuwana duk baƙin mai, ina ɗaukar hoton ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Masu bibiyata a nan sun san ni da tallar atamfa da zannuwan gado, shi ya sa duk ranar da na saka hoton wani ƙarfe sai wani ya tambaye ni ko an sace mini waya ne. Ba a sace ba. Yau dai bari in ba ku labarin.

Mahaifina tsohon soja ne, a sashen gyaran motoci ya yi aikinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya kafa rumfar kwano a bayan gidanmu, ya shiga ƙera injin sussuka, irin wanda ke buge dawa da masara ya fitar da tsaba gefe guda, ƙaiƙayi gefe guda. Su biyu suke aikin, shi da kawuna, ƙanen mahaifiyata. Kawu ne mai walda, shi ke haɗa gangar jikin injin da ƙafafu da bakin zuba hatsi. Baba kuwa shi ke da kayan ciki, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, da fuli, da fanka, da rariya, da boris ɗin da sandar ke hawa a kai. Injinansa sun shiga ƙauyuka da yawa, daga Dabai har Danko da Kanya da gaba da nan.

Halin Baba shi ne ba ya gamsuwa da aikinsa. Idan ya ji wani inji ya karya sanda, na gaba sai ya ƙara mata kauri. Idan aka ce fanka tana zubar da tsaba, sai ya rage mata fiffike. Daga waje injinan duk kamarsu ɗaya, kore ne fentinsu, amma a ciki kowane zubi da nasa. Kuma duk wannan a kansa yake. Mutum zai bugo waya daga ƙauye ya ce, "Baba soja, abin nan mai juyawa ya mutu." Sai Baba ya ce, "Wa ke magana? Au, kai ne. Naka na shekarar da ka aurar da ɗiyarka ne, mai siririyar sanda." Ya miƙa hannu cikin wani tsohon bokiti ya ɗauko abin, a ba direban kasuwa, kuma ya zauna daidai. Mu a gida dariya muke yi, muna ganin ai haka za a yi ta tafiya.

Wata Lahadi a ƙarshen damina, mun dawo daga coci muna cin abinci, cokali ya faɗi daga hannun Baba. Ya sunkuya zai ɗauka, sai muka ga bakinsa ya karkace. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya sa an kai shi da wuri, ya rayu, amma ya dawo gida hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafa sai ja, magana kuma ta tafi. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa, sai dai idan ya buɗe baki kalmar ta maƙale. Mutumin da ke cika unguwa da murya ya koma zaman kujera a ƙofar ɗaki, fuskarsa a bango. Ko garejin ba ya so a juya shi ya kalla. Mahaifiyata ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi waƙoƙin coci, duk bai ɗago ba.

Ana haka kaka ta shigo, waya ta fara ƙara.

Akwai wata ƙungiyar mata a Kanya da suka haɗa kai suka sayi inji a wurin Baba, suna sussukar nasu suna yi wa mutane. Shugabarsu, wata dattijuwa mai kaifin murya, ta bugo ta ce injin ya tsaya, ƙarfen da bel ke hawa ya tsage. Kawu ya ce fuli ke nan, ya zaɓi ɗaya a bokiti ya ba direba. Ya isa, bai shiga sandar ba. Ya sake aika wani. Wannan ya shiga, amma yana lilo, da aka tayar da inji ya watsar da bel. Duk wanda ya san yankinmu ya san halin rashin tsaro da hanyar nan take ciki a lokacin. Ba a bin ta don nishaɗi, duk wanda ya hau ta sai gida sun yi ta addu'a har ya sauka. Ga dawa a tare a gona, ba wanda ke son hatsinsa ya daɗe a daji.

A karo na uku ni na ɗauki wayar, don Kawu ya ce ba shi da fuskar da zai amsa.

"Ɗiyata, ke ce ɗiyar Baba soja?" in ji ta. "Ya jikin nashi?"

Na ce da sauƙi, Mama.

"Allah shi ƙara sauƙi. Ba faɗa na kira in yi ba. Amma ki gaya ma kawunki, wanga abu ba shi ne ba. Matan nan sun koma bugu da sanda, wasunsu da goyo. In babu, ku hwaɗa muna gaskiya mu san abin yi."

Na kashe wayar na sami Kawu zaune kan tukunyar gas, ya dafe kai. Ya ce, "Ni walda na sani. Ga fuli nan cike da bokiti, kala-kala, wanne ne na wa? Mai sanin yana ɗaki ba ya magana. Ina ganin gara mu rufe wurin nan kafin mu ɓata masa suna."

Da yamma na shiga kasuwa neman wani boris da Kawu ya aike ni, a shagon maƙwabcinmu, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran janareto da injin ban ruwa. Ya daɗe a Zuru, 'ya'yansa ma a nan aka haife su, kuma shi ke sayar wa Baba boris da bel tun farko. Ya ga fuskata ya ce, "Sista, lafiya? Jikin Oga ne?" Na zauna a bencinsa na zazzage masa komai.

Sai ya ciro wayarsa ya matso. "Duba nan. Wannan katalog ne na kamfanin da ke yin injin ban ruwa da nake sayarwa. Da littafi ne babba, shafi ya yage, mai ya ɓata shi. Yanzu yana cikin waya."

Na ga zanen inji, amma a warware, kamar an kwance shi an rataye kowane ƙarfe a iska kusa da inda yake zama, kowanne da 'yar lamba a gefensa. Ya taɓa wata lamba da yatsa, sai ga hoton ƙarfen shi kaɗai, da sunansa, da awonsa, da jerin injinan da yake shiga.

"Abu uku ne," in ji shi. "Na farko samfuri, wato wane irin inji ne. Na biyu lambar jikin inji, wadda ke gaya maka a wane zubi aka yi shi, don kamfani ma suna canja abu kamar Oga. Na uku lambar ƙarfen kansa. In mutum ya ba ni waɗannan, ko da wane yare yake magana, ba zan ba shi abin da ba nasa ba. In sun daina yin wani ƙarfe, katalog zai ce wannan lamba ta maye gurbin waccan. Kuma in sun gyara abu yau, gobe yana cikin wayata."

Na ce, "To ai su kamfani ne. Mu rumfar kwano gare mu."

Ya yi dariya. "Oga yana ƙera inji ko ba ya ƙerawa? To shi ma kamfani ne. Ke ba hoton atamfa kike ɗauka kina sa masa lamba ba? Matata tana saya a wurinki, tana cewa a ba ta lamba bakwai. Mene ne bambanci?"

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni, don kullum abin da nake yi ke nan, ban taɓa kawo shi kusa da aikin Baba ba.

Washegari na shimfiɗa farin zanen gado a tsakar garejin, sabo fil daga cikin kayan sayarwata. Mahaifiyata ta leƙo ta riƙe baki ta ce, "Ke kuma asarar da kika zaɓa ke nan?" Akwai tsohon inji ɗaya da aka kawo gyara tun kafin ciwon Baba. Na ce Kawu ya kwance shi gaba ɗaya, mu jera kayan a kan zanen yadda suke bin juna a ciki. Ni kuma na yanka kwali ƙanana na rubuta lambobi, ina ajiyewa kusa da kowane ƙarfe. Na hau tsani ɗaure da zane, na ɗauki hoto daga sama.

Ƙarar sifanar da Kawu ke kwance noti da ita ce ta jawo Baba. Ban san lokacin da ya sa mahaifiyata ta jawo masa kujera ba, sai dai na juyo na gan shi a bakin rumfa, yana kallonmu da idon nan nasa na soja. Na yi kamar ban gan shi ba, na ci gaba da jera kaya. Na ɗauki wani zoben ƙarfe na ajiye bayan fuli.

Sai na ji ƙwal! Baba ne ya buga sandar dogarawarsa a ƙasa.

Na mayar da zoben gaban fuli. Ƙwal! Na kai shi can ƙarshen sanda. Ƙwal, ƙwal! Kawu ya juya baya yana danne dariya. Na ce, "Baba, to ina ne?" Ya ɗaga sandar da hannun hagu, ya nuna tsakanin boris da fanka. Da na ajiye shi a nan, sai ya sauke numfashi ya gyaɗa kai, kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Daga ranar aikin ya zama namu mu uku. Da safe mahaifiyata ta yi masa wanka ta kawo shi rumfa, kuma shi ke gaggauta ta. Muka zazzage bokitan nan duka. Ina ɗaga ƙarfe, Kawu ya auna da ma'aunin Baba, ni in rubuta, Baba ya nuna tulin da za a sa shi. A haka muka gano cewa injinan nasa zubi uku ne manya: na farko mai siririyar sanda, na tsakiya, da na baya-bayan nan mai kauri. Muka gano kuma yadda za a bambance su daga waje ba sai an kwance ba, don bakin zuba hatsin kowane zubi da irin lanƙwasarsa. Wannan Kawu ne ya tuna, tunda shi ya yi waldarsu, kuma na ga yadda kafaɗarsa ta miƙe da ya ga ashe rabin sanin yana hannunsa.

Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Na taɓa ba ƙarfe biyu lamba ɗaya, sai da muka sake ɗaukar hotuna da yawa. Na taɓa yini ina kiran gidan boris da suna murfin fanka, ba wanda ya gyara mini sai sandar Baba. Farcena da nake ji da shi ya kakkarye. Zanen gadon kuwa, ko a kyauta ba mai karɓarsa.

Amma tun kafin mu gama, na tura wa shugabar matan Kanya hotuna uku na bakin zuba hatsin kowane zubi ta wayar wani malamin makaranta da ke kusa da gidanta. Na ce ta duba bakin injinsu ta gaya mini wanne ya yi kama da shi. Ta bugo ta ce na tsakiya. Na tura hoton na tsakiya a warware, na ce wace lamba ce ta tsage?

"Sha huɗu," in ji ta. "Kuma ɗiyata, wanga ƙaramin na kusa da shi, sha biyar, shi ma ya cinye. Mun ɗauka haka aka yi shi."

Sha biyar wani ɗan guntun ƙarfe ne da ke kulle fuli a jikin sanda. Na maimaita da ƙarfi don Kawu ya ji, na ce sha huɗu da sha biyar na zubin tsakiya. Ina rufe baki sai na ji wata murya a bayana, a dishe, a karkace, kamar ana jan ta daga rijiya.

"Ma... makulli."

Muka tsaya cak. Kawu ya saki abin da ke hannunsa. Baba yana nuna ɗan ƙarfen, jijiyar wuyansa ta tashi, ya sake cewa, "Makulli." Sunan da yake kiran abin ke nan. Kalmarsa ta farko ke nan tun ranar da cokali ya faɗi. Mahaifiyata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta durƙusa a gabansa tana kuka tana dariya, tana cewa, "Shekara nawa ina dafa maka tuwo, ba sunana ka fara kira ba sai ƙarfe?" Ya kalle ta, rabin bakinsa ya yi murmushi.

Aka ba direba fuli da makulli. Kashegari da rana dattijuwar ta bugo, sai kawai ta kara wayar a jikin injin. Na sa a lasifika na kai wa Baba kunne. Ƙarar nan ta cika rumfar, da guɗar mata a bayanta. Ya rufe ido yana saurare, can ya ɗaga yatsa ya yi alamar a ɗan ƙara ɗaure bel. Na faɗa mata, ta ce, "Ki ce mashi mun ji, soja."

Sauran aikin a hankali ya zo. Wata ƙawata mai shagon kwamfuta ta taimake ni muka haɗa hotunan wuri guda, yadda idan ka taɓa lamba zai kai ka shafin ƙarfen, da awonsa, da zubin da yake shiga. Muka yi shi mara nauyi, ana ajiye shi a waya a buɗe ko babu sabis, tunda mun san ƙauyukanmu. A ranar kasuwa mutane kan tura wa juna daga waya zuwa waya. A ƙarƙashin kowane hoto mun sa sunan Hausa, da wanda Baba ke kira, wasu ma da na yaren C'lela na yankinmu, amma gaskiya lambar ce ke aiki, don ita ba ta da yare. Da rani Kawu ya sami ƙarafan buga lamba, duk injin da ya zo gyara ko ya je wurinsa sai ya buga masa lambar jiki a wani ɗan faranti ya manna da walda. Kayan bokiti suka hau kanta, kowanne da gurbinsa. Kuma da yake awo yana rubuce, idan wani ƙarfe ya ƙare, sai mu kai wa mai sassaƙar ƙarfe a gari ya fitar da shi daidai, ba sai Baba ya tsaya da ƙafarsa ba.

Abin da ban zata ba shi ne yadda aikin ya zame wa Baba magani. Ma'aikaciyar asibitin da ke duba shi ta ce mu ci gaba da sa shi magana a kan duk abin da yake so. To abin da yake so ke nan. Ina nuna hoto yana kiran suna. Daga fuli da fanka ya kai ga "ba haka ba," wadda ya fi kowace jimla iyawa, daga nan ya kai ga sunayenmu, har ya kai ga yin addu'ar abinci da bakinsa.

Idan na tuna lokacin nan, abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda muke alfahari da cewa komai yana kan Baba. Muna ganin girma ne, kuma girman ne, amma nauyi ne da muka bar wa mutum ɗaya, har ranar da jikinsa ya gaza. Na kuma lura mutane da yawa a garin nan haka suke: masu ƙera injin niƙa, masu gyaran famfo, masu haɗa keken ɗinki, kowa da saninsa a ka. Ba sai kana da babban kamfani ba kafin ka kwance abin da kake ƙerawa, ka ɗauki hotonsa, ka ba kowane ƙarfe lamba. Wanda ya sayi injinka yana can nesa zai gode maka, direban da ba zai bi hanya sau uku ba zai gode maka, 'ya'yanka ma haka. Na ɗauka idan muka kwashe abin da ke kan Baba muka zuba a waya zai ji kamar an gama da shi. Sai na ga akasin haka. Tunda ya daina tsoron abin zai tafi tare da shi, sai kansa ya sami wurin tunanin sabo.

Har yau yana jan ƙafa, maganarsa a hankali take fita, hannun dama bai dawo duka ba. Amma a bara shi da Kawu suka fara wani injin ɓarar gyaɗa, Baba na zane da hannun hagu a ƙasa, Kawu na yankawa. Ina shagona wata safiya, ga mata biyu suna zaɓen atamfa, sai waya ta yi ƙara. Kawu ne, yana cewa kayan sun kammala tun jiya, amma mutumin nan ya hana a ɗaura ko noti ɗaya. Sai na ji an karɓe wayar.

"Ke," in ji Baba, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ki zo... da wayarki. A ɗauka... kafin a haɗa."

Na ba matan haƙuri, na ja ƙofar shago, na tari mai babur.